Taron Bita, Ƙungiyar Shekara, Leƙa Aji ko Nazarin Darasi: Wanne Malamin Jami'a Zai Ba Lokacinsa?

Wani abokin aikina da bai daɗe da kammala digirinsa na uku ba ya same ni a ofis riƙe da takardu biyu. Ɗaya gayyata ce zuwa taron bita na kwana biyu kan dabarun koyarwa. Ɗayar kuwa sanarwa ce ta neman malaman da za su riƙa zama tare tsawon shekara guda suna duba yadda suke koyarwa. Ya ce, "Malam, ba zan iya haɗa biyun ba. Ga lacca, ga takardun jarrabawa da ban duba ba, ga ɗaliban da ke rubuta kundi a hannuna. Wanne zai fi yi mini rana?" Ban ba shi amsa a ranar ba, saboda hanyoyin sun fi biyu, kuma kowace akwai irin mutumin da ta dace da shi.

Tambayar tasa tana da tushe. Malamin jami'a an horar da shi ne a kan bincike. Koyarwa kuwa, galibi yadda ya ga malamansa sun yi haka yake yi. Masanin ilimin nan Lee Shulman ya lura tun 1993 cewa a fagen bincike malami yana cikin jama'a, ana karanta aikinsa ana yi masa gyara, amma da zarar ya rufe ƙofar aji sai ya koma shi kaɗai. Kuma abin da ke faruwa bayan ƙofar ba ƙarami ba ne. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike 225 daga azuzuwan kimiyya da injiniya da lissafi, suka tarar da cewa inda lacca ce zalla kashi 33.8 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, inda kuma ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa a cikin aji kashi 21.8 ne. Yawancin malamai sun ji wannan labari. Jin ba shi ne matsalar ba, aiwatarwa ce.

Abin da za a auna da shi

Na farko tsada. A nan aljihu biyu ne: kuɗi, wanda yawanci jami'a ke fitarwa, da lokaci, wanda daga jikin malami yake fita. Na biyun ya fi zafi, don haka da sa'o'i zan fi yin lissafi. Sa'o'in da zan kawo ƙiyasina ne bisa yadda aka saba tsara kowace hanya, suna iya ƙaruwa ko raguwa.

Na biyu ɗorewa, ita ma fuska biyu gare ta. Zaman zai kai bayan makon jarrabawa, ko a nan zai watse? In kuma an gama, sabon salon zai zauna a ajin malami ko zai koma 'yar gidan jiya?

Na uku sauƙin farawa: sai an nemi izini, sai an samo jagora, sai an taɓa jadawalin lacca, ko mutum uku-huɗu na iya farawa gobe?

Na huɗu haɗari. Mafi muni shi ne abin da aka gani a ajinka ya isa kunnen masu yanke hukuncin ƙarin girma. Mai bi masa shi ne zaman ya zama taron tsintsiya ba shara.

Akwai na biyar da ni na fi ba nauyi, ko da yake ba kasafai ake rubuta shi a takardar gayyata ba: shin hanyar tana tsallaka ƙofar aji kuwa? Abin da malami ke faɗa game da koyarwarsa daban, abin da yake yi daban, kuma ba don yana ƙarya ba. Gwano ne kawai ba ya jin warin jikinsa.

Taron bita

Ba zan daɗe a kansa ba, kowa ya san shi. Kwana ɗaya ko biyu, sa'a goma sha biyu zuwa goma sha huɗu, ƙwararre a gaba, takardar shaida a ƙarshe. Ba abin da ya kai shi sauƙin shiga, haɗarinsa kuma kusan babu, tunda ba wanda zai ga ajinka. Kuɗinsa na iya yin yawa in an gayyato mai gabatarwa daga nesa. Rauninsa ɗorewa. A 2011 Charles Henderson da Andrea Beach da Noah Finkelstein sun bi diddigin maƙaloli 191 kan yadda ake sauya salon koyar da kimiyya a jami'o'i. Suka ce abubuwa biyu ba sa aiki: a shirya kayan koyarwa masu kyau a miƙa wa malamai a juya baya, da kuma a saukar da umarni daga sama. Abin da ke aiki yana ɗaukar aƙalla zangon karatu guda, kuma yana taɓa abin da malamin ya yi imani da shi game da koyo. Taron kwana biyu bai kai nan ba. Amfaninsa buɗe ido, da haɗa ka da waɗanda za ku iya ci gaba tare.

Ƙungiyar malamai ta shekara guda

Wannan ce takarda ta biyu a hannun abokin nawa. Siffar da aka fi sani ta faro ne a 1979 a Jami'ar Mayami ta jihar Ohayo a Amurka (ba birnin Mayami na bakin teku ba, mutane na yawan rikita su), kuma sunan Milton Cox, malamin lissafi, shi ya fi fitowa a tarihinta. Malamai takwas zuwa goma sha biyu ne daga sassa daban-daban, kowa da son ransa ya shigo, suna zama duk bayan mako biyu ko uku har shekara ta zagayo. Iri biyu ce. Akwai ta tsara, misali sababbin malamai zalla. Akwai ta maudu'i, inda matsala ɗaya ta haɗa su, kamar koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai ko tsara tambayoyin jarrabawa. Kowane ɗan ƙungiya yana ɗaukar kwas guda daga cikin nasa ya gwada wani sauyi, ya riƙa dawowa da labarin yadda ta kaya, a ƙarshe a gabatar wa sauran malamai abin da aka samu.

Haɗa sassan nan ba ado ba ne. A cikin sashenku, in ka ce ɗalibai ba sa gane darasinka, wanda ke saurarenka wataƙila gobe shi zai zauna a kwamitin da zai duba takardunka. A gaban malamin tarihi da malamar kimiyyar magunguna kuwa bakinka ya fi sakewa. Sannan baƙo a fanninka yakan yi tambayar da ɗan gida ya daina yi. Na taɓa jin wata malama ta tambayi wani, "Dakta, me ya sa sai mako na tara ɗalibanka ke fara taɓa matsala ta gaske?" Ya buɗe baki zai amsa, sai ya yi shiru, don ba shi da dalili in ban da haka ya tarar ana yi.

Tsadarta ita ce babba. Zama goma zuwa goma sha biyu na sa'a bibbiyu, ga karatu, ga aikin gwaji, sai a tasar wa sa'a arba'in. Tana buƙatar jagora mai riƙe zaren magana ba tare da ya mayar da kansa malamin aji ba, kuma inda ta yi ƙarfi za ka tarar jami'a ta sa hannu da ɗan kuɗin littattafai ko rage wa jagoran nauyin lacca. Saboda haka farawa da wuya in ba goyon bayan hukuma. Ɗorewa kuwa, a ganina ba ta da na biyu: shekara ta ishi mutum ya gwada abu, ya ƙi, ya gyara, ya sake. Haɗarinta a fili yake. In ba aikin da kowa zai kawo, zama na huɗu ya koma ƙorafi kan yawan ɗalibai da ƙarancin kayan aiki. Ƙorafin gaskiya ne, amma ba shi ya tara ku ba. Wani raunin kuma, sau da yawa ana jin labarin aji ne daga bakin mai shi, ba a shiga an gani ba.

Leƙa ajin juna

A nan ne gani ke korar ji. Mutum biyu na iya yi, amma tsarin da na fi so na mutum huɗu ne, wanda Anne Wessely ta ɓullo da shi a wata kwaleji da ke Sent Luwis a Amurka. Malamai huɗu, zai fi kyau daga sassa daban, su zauna sau ɗaya su yi musayar jadawali. Kowa ya halarci laccar sauran ukun sau ɗaiɗai. Sai a yi zaman ƙarshe. Ƙa'idar da ta bambanta shi ita ce, a zaman nan ba ka faɗin kuskuren wani. Abin da ka koya game da taka koyarwar sakamakon kallon nasu, shi za ka faɗa. Da farko na ɗauka rainin hankali ne, a shiga aji a ga gyara a yi gum. Daga baya na gane hikimar. Laifi tudu ne, kuma tsarin ya tilasta maka ka duba wanda ka taka.

Bari in faɗi yadda tawa ta kasance. Mun ɗan karkata daga ƙa'idar, na roƙi wata abokiyar aiki ta ƙirga mini abu ɗaya tak: tambayoyin da nake jefa wa aji. Ta zauna a kujerar baya da takarda da agogon wayarta, ba ta ce uffan ba. Bayan lacca ta miƙo mini takardar. Tambaya goma sha ɗaya na yi, tara ni na amsa wa kaina. Ta ce, "Malam, ba su ƙi amsawa ba. Akwai wata a layi na uku da ta fara ɗaga hannu sau biyu, kafin ya kai kafaɗa ka wuce." Na san aikin Mary Budd Rowe, wadda tun farkon shekarun 1970 ta nuna cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan tambaya, kuma in aka kai daƙiƙa uku amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Har na sha faɗa wa wasu. Ban taɓa zaton da ni ake ba.

Lokacinsa kaɗan ne, sa'a shida zuwa bakwai a zango guda. Kuɗi babu. Izini ma ba a buƙata, illa daidaita jadawali, wanda shi ne ɗan ciwon kansa. Mai son abin rubutawa a tsare yana iya amfani da fom irin COPUS, wanda aka fitar a 2013, inda duk minti biyu mai kallo ke yin alama kan abin da malami ke yi da abin da ɗalibai ke yi, ba tare da ya ce ya yi kyau ko bai yi ba. Ɗorewarsa tsaka-tsaki ce. Abin da ka gani da idonka ba ya gogewa da wuri, amma lacca ɗaya ba ta wakiltar zango, kuma in ba a sake zagayowa ba abin yakan tsaya a nan.

Haɗarinsa ya fi na kowace hanya, shi ya sa nake jan kunne. David Gosling ya rarrabe leƙa aji gida uku a 2002: na tantancewa, wanda shugaba ke yi don yanke hukunci, na horarwa, wanda ƙwararre ke yi, da na tsakanin tsara, wanda ba mai iko a kan wani. Matsala takan taso ne idan aka kira abu da suna na uku alhali na farko ake nufi. Ranar da malami ya ji cewa takardar za ta shiga fayil ɗinsa, ranar zai zaɓo laccar da ya fi ƙwarewa a kai, ya yi wa mai kallo wasan kwaikwayo, kowa ya tashi ba a ƙaru da komai ba. Tun zaman farko a yi yarjejeniya: takardar da aka rubuta ta mai ajin ce, a hannunsa za a bar ta. Haka nan haɗa farfesa da sabon ɗauka su biyu kacal ba ya cika yin armashi. Ƙaramin zai ce, "Ranka ya daɗe, ai komai ya yi," shi ke nan an rufe babin.

Nazarin darasi

Daga Japan wannan ya fito, inda malaman firamare ke yin sa tun ƙarshen ƙarni na 19. Duniya ta fi saninsa daga 1999 ta hanyar rubutun James Stigler da James Hiebert kan koyar da lissafi, sannan Bill Cerbin ya jagoranci gwada shi tsakanin malaman jami'a a jihar Wiskonsin ta Amurka daga 2003. Malamai uku zuwa shida masu koyar da kwas ɗaya ko makusantan kwasa-kwasai su zaɓi darasi guda da ke ba ɗalibai wuya kowace shekara. Su tsara shi tare, har su yi hasashen inda ɗalibi zai yi tuntuɓe. Ɗaya ya koyar, sauran su bazu cikin aji. Idonsu ba a kan malamin yake ba, a kan ɗalibai yake: me wannan ya rubuta, a ina waccan ta tsaya, wace kalma ce ta ɓatar da su. Sai a zauna a gyara darasin, wani ya sake koyar da shi.

Wannan juya idon shi ke rage tsoro. Darasin na kowa ne, in ya faɗi ba mutum ɗaya ya faɗi ba. Kuma ba hanyar da ta kai shi shiga cikin fannin kansa. Ƙungiyar shekara na iya magana kan koyarwa a dunƙule, nan kuwa maganar ita ce me ya sa ɗalibai ke rikita wannan ƙa'ida da waccan. Farashinsa sa'a goma sha biyar zuwa ashirin a kan darasin sa'a ɗaya, kuma nan ne mutane ke ja da baya. Masu yi suna cewa ba darasin ake saye ba, idon da ya koyi kallon ɗalibi ake saye, kuma na yarda da su. Sai dai sharaɗinsa da nauyi: dole a sami abokan fanni da ke ga-maciji da juna. A sashen da ake zaman doya da manja, kada ma a fara.

Zama ta intanet

Tun rufe makarantu na 2020 saboda annobar korona kowa ya saba da taro ta bidiyo. Amfaninsa ɗaya ne babba: malamin da shi kaɗai ke koyar da fanninsa a jami'arsu yana samun 'yan'uwa a wasu wurare. Tsakaninsu ba gasar ƙarin girma, don haka sirri ya fi tsaruwa. Farawa ba wuya, watsewa ma ba wuya. Zauren WhatsApp da ba ranar zama, ba mai kira, cikin wata biyu ya koma wurin tura sanarwar taruka. In za a yi, a tsayar da rana duk mako biyu, mutum goma ko ƙasa, kowane zama mutum ɗaya ya kawo matsala daga ajinsa. A kula da ɗaukar hoton aji ko aikin ɗalibai a tura wa na waje ba da izininsu ba.

| Hanya | Lokacin malami | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin farawa | Babban haɗari | Ana shiga aji? |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Taron bita | sa'a 12–14 | matsakaici zuwa mai yawa | kaɗan | mai sauƙi ƙwarai | a manta da shi | a'a |
| Ƙungiyar shekara | kusan sa'a 40 | matsakaici | mai ƙarfi | sai da goyon bayan hukuma | ya koma hira | wani lokaci |
| Leƙa ajin juna | sa'a 6–7 | babu | tsaka-tsaki | mai sauƙi | ya rikiɗe tantancewa | e |
| Nazarin darasi | sa'a 15–20 | kaɗan | mai ƙarfi, a kwas ɗaya | sai da abokan fanni | gajiya, saɓanin sashe | e |
| Zama ta intanet | kusan sa'a 10 a zango | kaɗan | mai rauni in ba jagora | mai sauƙi | a watse shiru | a'a |

Wa ya dace da wanne

Sabon malami, irin abokin nawa, na ce masa ya ɗauki ƙungiyar shekara in ta tsararsa ce. Ba dabarar koyarwa kaɗai yake nema ba, yana neman waɗanda zai iya ce wa "ban iya ba" ba tare da ya ji tsoro ba. Na ƙara masa da cewa ya matsa a sa leƙa ajin juna ko sau ɗaya a cikin tsarin, don a toshe raunin da na ambata. In da ƙungiyar ta maudu'i ce kuma maudu'in bai shafi kwas ɗin da yake koyarwa bana ba, da na ce ya jira ta baɗi.

Wanda ya shekara goma ko fiye yana koyarwa, yana jin abin ya zama jiki, lokaci kuma ya yi masa ƙaranci, ya nemi mutum uku su leƙa ajin juna. Sa'a bakwai ba za ta karya kowa ba, kuma tsohon hannu ya fi kowa buƙatar madubi, don an daɗe da daina gaya masa gaskiya.

Malaman da suka haɗu a kan babban kwas na 'yan shekarar farko, wanda kowace jarrabawa tambaya ɗaya ce ke kayar da rabin aji, nazarin darasi ne nasu, a kan wannan tambayar.

Wanda yake shi kaɗai a fanninsa ya nemi zama ta intanet, amma ya haɗa da abokin leƙa aji ɗaya a gida, ko daga wane sashe ne. Mai neman takardar shaida don cike fom kuwa ya je taron bita, ba laifi, sai dai kafin a tashi ya karɓi lambar mutum biyu da za su yarda su shigo ajinsa.

Saura shugaban sashe ko na tsangaya da ke son kafa irin wannan. Abu biyu ke hannunsa. Ya ware sa'a biyu a jadawali da ba a sa wa kowa lacca, tun kafin zango ya fara, domin in aka bari sai an shiga mako na uku ba za a sami lokacin da ya dace da mutum huɗu ba, balle goma. Sannan kada ya zauna a cikin zaman, kada kuma ya nemi a kawo masa rahoton wane da wane. Sunayen waɗanda suka halarta da abin da ƙungiyar ta yarda ta gabatar a ƙarshen shekara sun ishe shi.